Darasin Mako: Kalmomin da ke Kayar da Masu Jarrabawar Gudanar da Furojet

A wannan makon filin darasi ya leƙa wata jarrabawa da ba WAEC ba, ba NECO ba, ba kuma JAMB ba, amma da yawa daga cikinmu za su ci karo da ita nan da 'yan shekaru, musamman masu burin zama injiniyoyi, masu zanen gini, ma'aikatan banki ko na ƙungiyoyin agaji. Ita ce jarrabawar samun takardar shaidar ƙwarewa a kan gudanar da furojet.

Wadda ta fi suna a duniya ita ce PMP, ta cibiyar PMI. An kafa cibiyar a Amurka a 1969, hedikwatarta tana jihar Fensilbaniya, kuma ta fara ba da shaidar PMP a 1984. Ba a yarda mutum ya zauna ta sai ya yi shekaru yana jagorantar aiki: wata 36 ga mai digiri, wata 60 ga wanda ya tsaya a sakandare. Amma tana da ƙanwa mai suna CAPM, wadda takardar gama sakandare da awa 23 na koyon fannin sun isa a zauna ta. Ke nan 'yan ajinmu na ƙarshe ba su yi nisa da ita ba. A tsarin da aka fara amfani da shi a Janairun 2021, PMP tana da tambayoyi 180 a cikin minti 230, wato kusan sakan 77 ga kowace tambaya. Kuɗin zama kuwa da dala ake biya, ɗaruruwa, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya.

Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne, manyan kalmomin Turanci ba su ne suka fi kayar da mutane a cikinta ba. Kalmar da ba ka sani ba, za ka tsaya ka buɗe ƙamus. Wadda kake zaton ka sani tun firamare, ita za ka wuce da gudu, alhali masu jarrabawar sun ba ta wata ma'ana ƙuntatacciya da ta saɓa wa ta kasuwa. Mu ma a Hausa muna da irin wannan. Kun lura mun ce sakan 77, ba mu ce daƙiƙa ba? Dalili shi ne a wurin wasu daƙiƙa sakan ce, a wurin wasu kuma, musamman waɗanda suka yi karatun Larabci, minti ce. Da mun rubuta daƙiƙa 77, wani zai ɗauka ana ba shi sama da awa ɗaya ga kowace tambaya.

Kalmomin Turancin da za su biyo baya mun rubuta su yadda bakinmu ke furta su. Mai son ganin rubutunsu na asali ya duba jerin ma'anonin da ke bayan littafin PMBOK, wanda shi ne littafin da cibiyar ke fitarwa tun 1996.

Mu fara da kalmar furojet kanta. A Hausa komai aiki ne: noma aiki, ofis aiki, har wanda likita ya yanka cewa ake an yi masa aiki. Masu wannan fanni sun raba aiki gida biyu. Furojet shi ne aikin wucin gadi, mai farko da ƙarshe, wanda ke samar da abin da babu shi a da. Ofareshin kuma, wanda kunnenmu ya saba ji a asibiti ko a bakin sojoji, a nan yana nufin aikin yau da kullum da ake maimaitawa. Gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968 furojet ne. Samar da lantarki daga cikinta kullum ofareshin ne. Shimfiɗa layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 furojet ne. Jigilar fasinja safe da yamma ofareshin ne. Kuma kada wucin gadi ya sa ku ɗauka gajere ake nufi. Shahararren gidan kiɗa da wasan kwaikwayo na birnin Sidni a Ostireliya ya ci shekara 14 ana gina shi, daga 1959 zuwa 1973, kuma furojet ne, tunda yana da ranar da aka ce an gama.

Sai kalmar da muke ganin ta fi kowace wahalar da mai tunani da Hausa, wato riski. Ƙamus zai ce maka haɗari ne, mai ƙugiya, irin na mota ko gobara. Da zarar ka riƙe wannan fassara ka shiga rami biyu. Na farko, haɗarin mota abu ne da ya riga ya faru, riski kuwa bai faru ba tukuna, mai yiwuwa ne kawai. Na biyu, haɗari kullum sharri ne, amma a littafin PMI riski yana iya zama sharri yana iya zama alheri. Shawararmu ita ce a cire ƙugiyar. A tuna da hadari, wanda ke haɗowa a gabas lokacin damina. Yana iya zubar da ruwa, yana iya watsewa, shi ya sa iyayenmu suka hana a zubar da ruwan randa don an gan shi. Mai ginin ƙasa yana kallonsa gabansa na faɗuwa, manomin da ya yi shuka jiya yana kallonsa yana murna. Wannan shi ne riski: abin da ba a tabbatar da aukuwarsa ba, wanda in ya auku zai taɓa aikin ta hanya mai kyau ko maras kyau. Mai kyan ana kiransa dama, maras kyan barazana.

Da zarar ruwa ya sauko ya rushe katangar, an bar maganar riski, an shiga ishu, wato matsalar da ke ƙasa yanzu. Kowannensu da kundinsa: akwai rajistar riski, akwai kundin ishu. Masu shirya tambaya sun san ɗalibai suna gauraya su, don haka sukan sa duka biyun a cikin zaɓi. Abin dubawa a nan shi ne lokacin aikatau. In labarin ya ce "mai kawo siminti ya yi gargaɗin cewa wataƙila motarsa ta makara", riski ne, a rubuta shi a rajista, a auna yiwuwarsa da girman ɓarnarsa. In ya ce "motar ba ta zo ba", ishu ne. A nan ma akwai wata 'yar dabara: in abin da ya faru an taɓa hango shi, manaja ba zai fara ƙirƙiro sabuwar mafita ba, zai koma rajista ya ga me aka tsara yi tun farko.

Matakan da ake ɗauka a kan barazana ma suna da tarkonsu. Akwai kaucewa, akwai ragewa, akwai miƙa wa wani, akwai karɓa, akwai kai maganar sama in ta fi ƙarfin manaja. A ce ana fargabar ruwa zai lalata siminti. Wanda ya ɗage aikin gaba ɗaya zuwa rani ya kauce. Wanda ya sayo tamfol ya rufe buhunan ya rage. Wanda ya yi inshora kuwa bai rage komai ba, ruwan da zai sauko zai sauko, abin da ya yi shi ne ya miƙa asarar ga kamfanin inshora. Ɗalibai da yawa sukan zaɓi ragewa a nan, don a kunne inshora tana kama da rage asara. Karɓa kuma ba sakaci ba ne. Sau da yawa tana nufin an ga barazanar, an ga maganinta ya fi ta tsada, sai aka ware wani kuɗi ko wasu kwanaki a gefe saboda ita.

Wannan kuɗin gefe shi ma iri biyu ne, duk da a Hausa dukansu ajiyar ko-ta-kwana ce. Ɗaya an ware shi ne don barazanar da aka sani aka rubuta, kamar ruwan damina, kuma yana cikin kasafin da ake auna aikin manaja da shi. Ɗayan don abin da bai zo wa kowa a rai ba ne, yana hannun manyan ma'aikata, manaja ba ya taɓa shi sai da izininsu. Tambayar da ke raba su ita ce: an san abin tun farko, kuma wa ke riƙe da makullin?

Kwaliti da giredi ba za su ɗauke mu lokaci ba. Ƙaramar waya mai tocila da ke kira, ta tura saƙo, batirinta ya yi kwana uku, giredinta ƙasa ne amma kwalitinta sama, don ta cika abin da aka yi ta dominsa. Babbar waya mai kyamara huɗu da ke mutuwa kana tsakiyar magana, giredinta sama, kwalitinta ƙasa. Ƙaramin giredi ba laifi ba ne in shi mai aikin ya nema. Ƙaramin kwaliti kullum matsala ne. Haka akiyurasi da firisishin, da ƙamus zai fassara su duka da daidaito. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya lotsa ciki zai ba ka awo iri ɗaya sau ɗari, ba ya saɓawa, amma duk sau ɗarin a tauye. Yana da firisishin, ba shi da akiyurasi.

Akwai kuma wasu tagwaye, berifai da balidet, dukansu tabbatarwa. Ku tuna da tela ana gobe Sallah. Kafin ya kira ka, zai juya rigar ya duba ɗinki, ya sa tef ya ga hannu ya kai awon da ya rubuta. Wannan dubawar cikin gida ita ce berifai, kuma tana ƙarƙashin kula da kwaliti. Sai ka zo ka sa rigar, ka tsaya gaban madubi, ka ce ta yi, ka biya cikon kuɗi. Wannan amincewar mai kaya ita ce balidet. Ta tela ce ke zuwa da farko. Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne, a bugu na huɗu na PMBOK na 2008, matakin amincewar mai kaya da sunan berifai aka kira shi, sai a bugu na biyar na 2013 aka mayar da shi balidet. Don haka wanda ya gaji tsohon littafin yayansa ya yi hattara.

Yanzu mu zo inda ake lissafi. Akwai abin da ake kira hanyar kiritikal, dabarar da aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 a kamfanonin DuPont da Remington Rand. Kalmar kiritikal a Turancin yau da kullum tana nufin mai matuƙar muhimmanci, ko maras lafiyar da ke tsakanin rai da mutuwa. A nan ba haka take nufi ba. Hanyar kiritikal ita ce jerin ayyukan da suka fi kowane jeri tsawon lokaci daga farkon furojet zuwa ƙarshensa.

A ce iska ta yaye rufin wani aji, za a gyara. Sayo kaya kwana 3. Bayansa gyaran bango kwana 5, ɗora rufi kwana 4, fenti kwana 2. A gefe guda, da zarar kaya sun iso, kafinta zai fara ƙera benci, kwana 6. In an gama fenti an gama benci, sai a shigar da su, kwana 1. Hanyoyi biyu ke nan. Ta bango: 3 da 5 da 4 da 2 da 1, kwana 15. Ta benci: 3 da 6 da 1, kwana 10. Hanyar bango ita ce kiritikal. Abin da ke rikita mutane shi ne, hanya mafi tsawo ita ce ke nuna mafi ƙarancin lokacin da za a iya gama aikin. Ku sake karanta jimlar a hankali, babu tufka da warwara a ciki: ko kafinta ya gama cikin kwana ɗaya, ba za a shiga ajin ba sai an cika kwana 15.

Bencin na iya zama su suka fi cin kuɗi, kuma su shugaban makaranta ya fi tambaya, amma ba sa kan hanyar kiritikal. Suna da sararin kwana 5 da za su iya makara ba tare da ranar buɗe aji ta motsa ba. Wannan sarari shi ake kira fulot, wani littafin ya ce silak, kuma a wannan karon kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi. Ayyukan da ke kan hanyar kiritikal, a bisa al'ada, fulot ɗinsu sifili ne. Kuma hanyar ba dutse ba ce: in kafinta ya ƙara kwana 7 a kan shidansa, hanyar benci ta zama kwana 17, ita ce ta koma kiritikal.

To, a ce an matsa sai an gama cikin kwana 13. Hanyoyi biyu ne, kuma sunayensu duka masu ruɗi. Kirashin, wanda kunne zai kai shi ga karon mota, yana nufin ƙara ma'aikata ko kayan aiki don a rage kwanaki, kamar a ƙaro magina biyu bango ya koma kwana 3. Kuɗi yake ci. Fas-tirakin kuwa ba ya nufin a yi sauri. Yana nufin a haɗa ayyukan da ya kamata su bi juna a yi su tare, kamar a fara fentin waje ana tsakiyar ɗora rufi. Abin da yake jawowa shi ne ƙarin riski, don ana iya ɓata fentin a sake. Duka biyun a kan hanyar kiritikal kawai suke da amfani. Wanda ya ƙaro kafintoci don a gama benci da wuri ya kashe kuɗi, ranar buɗe aji kuma tana nan inda take.

Kalma ta ƙarshe a ɓangaren lissafi ita ce wadda ake taƙaitawa da EV. Kalmar Turancin da ke farkonta ita ce ake amfani da ita ga mai karɓar albashi ko cin riba, shi ya sa wasu ke ɗauka kuɗin da ya shigo ne. Babu kuɗin da ya shigo. EV ita ce ƙimar aikin da aka gama, a bisa farashin da aka tsara tun farko. Tana tafiya da 'yan uwa biyu: PV, ƙimar aikin da ya kamata a ce an gama zuwa yau, da AC, kuɗin da aka kashe a zahiri.

Mu koma wurin kafinta. An ba shi benci 60, kowane a naira 20,000, jimla naira 1,200,000, goma a kowace rana. A ƙarshen rana ta uku ya kamata a ga benci 30, wato PV naira 600,000. Da aka ƙirga sai aka ga 24, wato EV naira 480,000. Kuɗin da aka kashe kuwa naira 540,000. Mai gaggawa zai ce an tsara kashe 600,000, an kashe 540,000, ashe an yi rarar 60,000. Sam. An kashe 540,000 ne a kan aikin da ƙimarsa 480,000, ke nan giɓin 60,000 aka samu. Kowane benci ya tashi a naira 22,500, kuma in aka ci gaba a haka aikin zai ƙare a naira 1,350,000. A harshen jarrabawa, EV a cire AC shi ne bambancin kuɗi, ya ba da ɗebe 60,000. EV a cire PV shi ne bambancin jadawali, ya ba da ɗebe 120,000. Ku lura, sunansa bambancin jadawali amma da naira ake faɗinsa, ba da kwanaki ba. In an raba EV da AC a sami 0.89, in an raba ta da PV a sami 0.8, kuma duk abin da ya gaza 1 ba labari mai daɗi ba ne. A ganinmu wannan ne darasin da ya fi amfani a wajen ɗakin jarrabawa, don duk wanda aka taɓa ba wa amanar kuɗin gini ya san "mun kashe kaza" ba ya gaya maka nawa aka gina.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, ma'anar kalma tana canzawa daga gida zuwa gida. Akwai tsarin PRINCE2 da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1996, mai tasa jarrabawar. A can ishu ta fi faɗi, har buƙatar a canza wani abu a cikin aikin ana lissafa ta a matsayin ishu, alhali a PMI buƙatar canji tana da nata matsayi daban. Littafin PMBOK kansa ya sauya kama: bugu na shida na 2017 an gina shi a kan matakai 49 da aka kasa rukuni 5 da fannoni 10, na bakwai na 2021 kuma a kan ƙa'idoji 12 da fagage 8. Tsarin jarrabawar ma ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, don haka mai shirin zama ya fara neman bayanin da cibiyar ta fitar na shekarar da zai zauna. Sifonsa ma, da muka sani a matsayin mai ɗaukar nauyin gasar ƙwallo a sa sunansa a riga, a nan babban jami'i ne da ke samar wa furojet kuɗi da goyon baya, shi ke sa hannu a takardar da ta ba manaja ikon fara aiki.

Ga mai karatu, ƙamus na gama-gari ba zai fisshe shi ba a nan, yana ma iya ɓatar da shi. Abin da muka ga ya fi shi ne a sami littafin rubutu, kowace kalma a haɗa ta da abokiyar rikicinta a shafi ɗaya, a rubuta tambaya guda da ke raba su. Ya faru ko bai faru ba? Wa ke dubawa, mai yi ko mai kaya? Kuɗi yake ƙarawa ko riski? Sannan a kawo misali daga gida, na tela ko na mai awo ko na magini, wanda ba daga littafi aka kwafo ba. In misalin ya ƙi samuwa, to haddar aka yi, ba a gane ba tukuna. Kuma wannan dabara tana aiki tun yanzu a ajinmu: aiki a darasin Fiziks ba shi ne aikin gona ba, tunda wanda ya wuni yana tura bango bai motsa ba, a lissafin Fiziks bai yi aikin komai ba.

Ga gwajin wannan mako. A gyaran ajin da muka kawo, magini ya zo rana ta biyar ya ce yana jin siminti ba zai isa ba. Riski ne ko ishu, kuma a wane kundi za a rubuta? Na biyu, in mai fenti ya ƙara kwana 1, kafinta kuma ya ƙara kwana 4, a kwana nawa za a buɗe ajin? Na uku, in a ƙarshen rana ta huɗu kafinta ya gama benci 40 kuma an kashe naira 760,000, giɓi ne ko rara, kuma na nawa? A rubuta amsa tare da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.